Wainar da Ake Zama a Jira Ta

Minti biyar na farko babu abin kallo. Ƙullu ne ruwa-ruwa kwance a cikin kaskon ƙarfe, bota tana tafarfasa a gefensa, wanda bai taɓa gani ba in ya leƙa ta gilashin obin sai ya ɗauka an yi asarar ƙwai. Can wajen minti na takwas bakin ƙullun zai fara ɗagowa. Ya hau jikin kaskon a hankali, ya kai baki, ya wuce, ya ci gaba da miƙewa sama ba abin da ya tokare shi, tsakiyar kuma ta yi tudu da kwari. Kafin minti ashirin su cika abin ya zama kamar ƙatuwar ƙwarya mai ruwan zinariya, gefenta ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, ƙamshin bota da ƙwai ya cika gida. Ana fito da ita iskar ɗaki ta buge ta, sai ta fara sacewa. Cikin minti biyu rabin tsayinta ya tafi.

Wannan ita ce wainar da Amurkawa suke kira Dutch baby, abincin karin kumallo na ranar hutu a gidaje da yawa a ƙasarsu. Kayan haɗinta ba su wuce abin da ake samu a kowane shagon unguwa ba: ƙwai, fulawa, madara, bota, ɗan sukari da gishiri. Ba a sa mata yis, ba a sa hodar tashi, ba a juya ta, ba a tsayawa a kanta da cokali. Wahalarta guda ɗaya ce, ita ce kuma daɗinta: ba ta da haƙuri. Tuwo yakan zauna a kula ya jira maigida ya dawo daga masallaci, shinkafa takan jira baƙi su gama gaisawa. Ita wannan sai an zaunar da mutane, an jera faranti, an yanka lemon tsami, sannan a buɗe obin. Mai girkin da ya gane haka ya gane rabin aikin.

Sunan da ya ɓatar da mutane

Mai jin sunan zai zaci daga Holan ta fito. Ba daga can ba ce. Labarin da aka fi yarda da shi, wanda mujallar Sunset ta yammacin Amurka ta yaɗa, ya kai asalinta wani gidan abinci na iyali a birnin Seattle, jihar Washington, mai suna Manca's Cafe, wanda Victor Manca ya mallaka a farkon ƙarni na 20. A lokacin Seattle tana kan tashe. Tun da jirgin ruwa ya iso tasharta da zinariyar yankin Klondike a 1897, gari ya cika da masu neman arziki da masu sayar musu da kaya. Mutanen birnin ba su kai dubu 43 ba a 1890, amma a 1910 sun haura dubu 237. Gari irin wannan yana buƙatar wuraren karya kumallo, kuma mai gidan abinci yana buƙatar wani abu da za a riƙa tunawa da shi.

Abin da gidan Manca ya kawo shi ne wainar ƙwai ta Jamusawa, wadda suke kira Pfannkuchen, aka gasa ta a obin. Jamusawa suna kiran kansu Deutsch, a kunnen Ba'amurke kuwa wannan kalma da Dutch kusan ɗaya suke. An ce ɗaya daga cikin 'ya'yan Victor Manca mata ce ta raɗa sunan, ta furta kalmar yadda ta ji ta. Ba a kanta aka fara wannan rikicewa ba. Jamusawan da suka fara zama a Pennsylvania tun 1683, har yau jikokinsu Pennsylvania Dutch ake ce musu, alhali yawancin kakanninsu daga ƙasashen masu jin Jamusanci suka zo. Ɗaya rabin sunan, wato baby, ma'ana jaririya, ya samo asali ne daga yadda ake kawo ta da farko, ƙanana guda uku a faranti, da garin sukari da ruwan lemon tsami. Daga baya babbar ta fi karɓuwa, sunan dai ya zauna. A 1942 gidan abincin ya yi iƙirarin cewa sunan mallakarsa ne a kasuwanci, amma abinci in ya shiga bakin jama'a ba ya komawa hannun mutum ɗaya. Yau wasu na ce mata wainar Jamus, wasu Bismarck, wasu Dutch puff.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tafiya ta suna. Kalmarmu ta fanke daga sunan wainar Turawa muka are ta, muka ɗora ta a kan ƙullun da ake soyawa ƙwallo-ƙwallo a cikin mai, abin da Baturen da ya kawo kalmar ba zai gane shi da wannan suna ba.

Abubuwa biyu suka ƙara fitar da ita daga Seattle. Na farko gidan abincin The Original Pancake House, wanda Les Highet da Erma Hueneke suka buɗe a Portland ta jihar Oregon a 1953, ya yi rassa a jihohi da dama, kuma Dutch baby da 'yar'uwarta mai tuffa su ne abin alfaharinsa. Na biyu jarida ce. A 1966 Craig Claiborne, editan sashen abinci na New York Times, ya buga yadda ake wata waina da ya ci a gidan wani mutum mai suna David Eyre a Honolulu: ƙwai, fulawa, madara, gyaɗar ƙamshi, a gasa a kasko cikin bota, a barbaɗa sukari a matsa lemon tsami. Har botar da aka rubuta ta yi yawa bisa kuskure, amma hakan bai hana masu karatu yanke shafin su adana ba. Shekaru da yawa bayan haka ana lissafa ta cikin girke-girken da masu karatun jaridar suka fi ƙauna.

Su mutanen Holan ɗin fa? Suna da tasu, amma a kan murhu ake yin ta. Pannenkoek ɗinsu faffaɗa ce siririya, takan cika babban faranti, ana cin ta da tuffa ko cuku ko wani ruwan sukari mai kauri da suke kira stroop, sau da yawa ma da yamma. Suna kuma da poffertjes, ƙananan waina masu yis da ake soyawa a wani kaskon ƙarfe mai ramuka, wanda duk Bahaushiyar da ta gan shi za ta ce tanda ce. Dangin Dutch baby na kusa suna wasu wurare. Mutanen Finland da Suwidin suna gasa irin wannan ƙullu a faffaɗan tire. A Ingila akwai Yorkshire pudding, wanda Hannah Glasse ta rubuta da wannan suna a littafinta na girki a 1747. Shi da kitsen da ke ɗiga daga gasasshen nama ake yin sa, a ci da romo ranar Lahadi. Ingilawa sun ɗauki tashinsa da muhimmanci har a 2008 ƙungiyarsu ta masana kimiyyar sinadarai, Royal Society of Chemistry, ta ce wanda bai kai inci huɗu ba bai cika ba. Ƙullun kusan ɗaya ne. Bambancin shi ne kitse da romo a can, bota da sukari a nan.

Abin da ke ɗaga ta

Tambayar da kowa ke yi a karon farko ita ce, tun da ba yis ba hoda, me ya kumbura ta haka? Tururi ne. Fiye da rabin nauyin ƙullun ruwa ne, na madara da na ƙwai. Ruwa in ya zama tururi yakan nemi wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ci a da. Ana zuba ƙullu a kasko mai zafi, ƙasansa da gefensa da samansa za su fara ƙamewa su yi fata, ruwan ciki kuma ya fara tafasa. Tururin ya nemi hanyar fita ya rasa, sai ya tura fatar sama. Danƙon fulawa da na ƙwai shi ke ba fatar damar miƙewa ba ta yage ba. Can kuma zafi ya gama dafa ƙwan, bangon ya tsaya da kansa. Gefe ya fi tashi saboda shi ya fi kusa da ƙarfe, shi ya fara samun wuta, yana kuma da bangon da zai bi.

Daga wannan bayani duk ƙa'idojin suka fito, shi ya sa na daɗe a kansa. Wanda ya riƙe shi ba ya buƙatar haddace komai. Me ya sa ake cewa a fito da ƙwai da madara daga firji tun da wuri? Saboda ƙullu mai sanyi yana kashe zafin kasko, fatar ta ƙame kafin ruwan ciki ya tafasa, sai a sami waina kwance mai nauyi. Me ya sa ake hana buɗe obin? Saboda zafi na fita tururi zai ja baya, bangon da bai gama dahuwa ba ya rufta, kuma in ya rufta ba ya sake tashi. Me ya sa ake son kaskon ƙarfe mai kauri, irin baƙin nan mai nauyi? Saboda yana tara zafi ya riƙe, ƙullun da aka zuba ba ya sanyaya shi. Sacewar da take yi a kan tebur ma daga nan ne: tururin da ke ciki ya huce ya koma ruwa. Ba kuskuren mai girki ba ne, haka aka yi ta, kuma tsakiyar da ta kwanta ita ce mazubin abin da za a ɗora.

A kicin

Ga kasko mai faɗin santimita 25, ma'aunin da ya fi zama mini daidai shi ne ƙwai manya uku, fulawa rabin kofi, wato kamar giram 65, madara rabin kofi, wato mililita 120, sukari babban cokali ɗaya, ɗan gishiri, da bota babban cokali uku. Akwai masu ƙara fulawa da madara zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi. Tasu takan fi kauri da cika ciki, ta farkon kuma ta fi ƙwai da sauƙi a baki. In madarar gari ce a dama ta daidai yadda ake sha, in ta gwangwani ce a sirka ta da ruwa rabi da rabi. Fulawar kuma ta yau da kullum ce, kada a yi amfani da wadda aka riga aka haɗa da hodar tashi.

A fara da ƙwai. A kaɗa su sosai har su yi kumfa, a zuba madara, sannan fulawa da sukari da gishiri, a kankare ɗan gyaɗar ƙamshi a kai. Bilenda tana gama aikin cikin rabin minti, maburgi ma yana yi in an yi haƙuri da shi. Ƙullun zai fito tsararo, ya fi na masa ruwa nesa ba kusa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsorata su ƙara fulawa. Kada a ƙara. Wannan ruwan shi ne zai zama tururi. A rufe a ajiye shi minti ashirin zuwa talatin domin fulawar ta jiƙa, gudajin da suka rage su narke. Mai son sauƙin safiya na iya haɗawa da dare ya sa a firji, da safe ya fito da shi ya huce, ya sake kaɗawa.

Yayin da ƙullu ke hutawa a kunna obin zuwa digiri 220, wanda ya yi daidai da lamba 7 a obin ɗin gas mai lambobi, a sa kaskon a ciki ba komai, su yi zafi tare. A ba su aƙalla minti ashirin. Yawancin wainar da ta ƙi tashi a nan aka cuce ta, an ga fitilar obin ta nuna ya yi zafi an yi sauri, alhali iskar ciki ce ta yi zafi, ƙarfen bai ɗauka ba tukuna. A duba kuma kada a bar wani tire a sama kusa da kaskon, domin wainar na iya tashi ta manne da shi.

Abin da ya biyo baya da hanzari ake yin sa. A fito da kaskon da tsumma mai kauri, busasshe, domin jiƙaƙƙen tsumma yana kai zafi hannu nan take. A jefa bota, za ta narke tana kumfa, a karkata kaskon ta shafi gefe duka. A juye ƙullun gaba ɗaya a tsakiya, kada a motsa shi, a mayar cikin obin a rufe. Daga fitowa zuwa komawa bai kamata ya kai minti ɗaya ba.

Maganar bota tana da ɗan bayani. Ita bota tana da guntun madara a cikinta, shi ke yin ja ya ba da ƙamshi, shi ne kuma ke ƙonewa ya yi ɗaci in ta daɗe a kasko mai zafi ba ƙullu. Don haka ba a sa ta tun farkon ɗumama obin. Man shanu soyayye ya fi ta jure wuta, kuma yana aiki sosai a nan, sai dai in da albasa aka soya shi, to a ajiye shi don wainar da ba ta sukari. Man gyaɗa zai ɗaga ta, amma za a rasa ƙamshin da shi ne rabin daɗin.

Minti 16 zuwa 20 take ɗauka. Kada a yarda da tsayi kaɗai. Takan gama tashi kafin ta gama dahuwa, wanda ya fito da ita tana fari-fari zai ga ta zube gaba ɗaya, cikinta kuma danye. A jira gefen ya yi ja sosai, har wasu wurare su nemi yin duhu. Wannan jan shi ne alamar bango ya bushe ya yi ƙarfi. Wasu sukan rage wuta a minti biyar na ƙarshe domin tsakiya ta kama ba tare da gefe ya ƙone ba, dabara ce mai kyau ga obin mai zafin sama.

Wanda ba shi da kaskon ƙarfe ba a rufe masa ƙofa ba. Kowane kasko ko tiren gashi da zai iya shiga obin zai yi, muddin ba shi da mariƙin roba ko na katako. Na alminiyam yana saurin hucewa, don haka a ƙara hanzari. Mazubin gilashi ne nake shakka, domin zuba ƙullu a gilashi mai tsananin zafi na iya fasa shi. Wanda kuma ba shi da obin, tukunya da yashi irin yadda ake gasa kek ba kasafai take kai zafin da ake nema ba. Garwashi sama da ƙasa ya fi. Amurkawa masu fita daji su kwana haka suke yin ta, a tukunyar ƙarfe mai ƙafafu da murfi mai baki, a zuba garwashi a kan murfin. A ɗumama tukunya da murfin tukuna, a fi yawaita garwashin sama, a kuma danne zuciya kada a riƙa ɗagawa ana leƙe.

Kan tebur

A cikin kaskonta ake kai ta. A shimfiɗa katako ko tsumma mai kauri a tsakiyar tebur, a naɗe mariƙin da wani tsumman a bar shi a kai, musamman in akwai yara, domin ƙarfen yana riƙe zafi fiye da yadda ido ke nunawa, hannu kuma yakan kai kansa ga mariƙi ba da shawara ba. Ina ganin ya dace a kira yaran tun tana cikin obin su kalli tashinta ta gilashi. Yaron da ya ga ƙullu ya hau bango da kansa zai tambayi dalili, ga darasin tururi ya zo har gida.

Yadda aka fara cin ta a Seattle har yau shi ne mafi kyau a wurina: garin sukari mai laushi a tankaɗa ta rariya, a matsa lemon tsami a kai. Sukarin da ruwan lemon da botar da ta taru a kwarin tsakiya sai su haɗu su zama romo. Tsamin yana da aiki, shi ke yanke maiƙon bota da ƙarnin ƙwai, in babu shi mutum zai gaji da ita tun a yanka na biyu. In ba a sami garin sukari ba, a niƙa na yau da kullum a bilenda. Zuma ma tana shiga, haka yankakken mangwaro ko ayaba ko abarba, da cokalin kindirmo a gefe. Abin kiyayewa kawai kada a yi mata lodi. Ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya, kuma 'ya'yan itace masu ruwa da yawa suna jiƙa gefen da aka sha wahala kafin ya yi ƙaras.

Mai tuffa kuwa kusan wani girki ne dabam. Ana fere tuffa a yanka siri-siri, a soya ta cikin bota da sukari da kirfa a kaskon har ta yi laushi, sukarin ya yi ja, sannan a kwarara ƙullu a kai a sa a obin. Ba ta tashi kamar 'yar'uwarta saboda nauyin tuffa da ruwanta, amma ƙasanta yana yin danƙo mai daɗi, ta kuma fi jure jira. Akwai kuma ta gishiri: a cire sukari, a sa barkono da yankakken ganyen albasa a ƙullu, in ta fito a ɗora cuku, ko soyayyen ƙwai, ko naman kaza da aka soya da albasa. A haka ta koma kusa da ɗan'uwanta na Yorkshire, ta zama abincin dare.

Kasko ɗaya yana ƙosar da mutum biyu, ko ya ishi huɗu in akwai wani abu a gefe. In jama'a sun fi haka, kada a ninka ƙullu a kasko guda, zai yi kauri tsakiya ta ƙi dahuwa. Gara a sa kasko biyu a jere, ko a yi ɗaya bayan ɗaya, a bar kaskon ya sake ɗaukar zafi tsakaninsu. Ana yanka ta kamar yadda ake yanka kankana, daga tsakiya zuwa gefe, domin kowa ya sami rabonsa na gefe mai ƙaras da tsakiya mai laushi. In ta yi saura a kwashe ta daga kaskon nan da nan, don ruwan lemon tsami yana cin baƙin santsin da ƙarfen ya tara. A wanke kaskon da ruwan ɗumi, a ɗora a wuta ya bushe sarai, a goga masa ɗan mai da tsumma kafin a rataye shi.